Baƙuwar Lamba ta Bakwai da Kwata

Lahadi, 4 ga Agusta, 6:40 na safe

Kwana uku. Inna ta sake tuƙa tuwo da rabonsa jiya, yanzu matata Laila ke ɗumama wa yara shi.

Na sayi littafin nan ne don rubuta lambobin zaure, amma tunda ana hutun makaranta, ba aji ba allo, bari in riƙa zuba abin da ke kaina a ciki. Zauren WhatsApp ne, sunansa Labarin Hanya. Mutum ɗari bakwai da ɗoriya, yawancinsu 'yan kabu-kabu da direbobi da 'yan kasuwa masu bin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi. Wanda ya wuce lafiya ya faɗa, wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya faɗa. Ni da Malami mai gyaran waya ne admin. Shi suna kawai, ni ke aikin.

Ƙanena Armiya'u ya ɗauki fasinja zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis. An ga mashin ɗin a gefen hanya, makulli na jiki. Inna ba ta faɗin sunansa, Cindo take ce masa, saboda ɗan yatsa na shida da aka haife shi da shi a hannun hagu, wanda Baba ya hana wanzami cirewa. Duk bayan salla sai ta leƙo: "Haliru, Cindo bai kira ba?"

Bai kira ba. Waɗanda suka ɗauke shi, su ma ba su kira ba.

Litinin, 5 ga Agusta, 4:30 na yamma

Wani ya watsa linkin shiga zaure a waje. Tun asuba baƙin lambobi ke kwararowa, na ƙirga arba'in da ɗaya. Wannan na tallan tallafin gwamnati, "danna nan ka cike fom". Wancan na data kyauta. Wata da hoton Baturiya tana neman abokin hira a zauren da ake maganar ramukan hanyar Galadi.

Na zauna na tsara alamomin lambar bogi, don kada in riƙa yanke hukunci da zafin zuciya. Ba hoton fuska, ba suna. Lambar wata ƙasa. Shiga ba sallama. Saƙo ɗaya a yi ta maimaita shi. Turo shi a lokaci ɗaya kullum, kamar na'ura ce aka saita. A yi magana ba amsa. Wanda ya haɗa huɗu cikin shida, a ba shi gargaɗi uku, sannan a fitar.

Na kuma sake manna dokokin zaure a sama: ba a ambaton sunan matafiyi, ba a faɗin inda mutum yake, ba a buɗe hoto ko linki daga lambar da ba a sani ba. Akwai kunnuwa a cikinmu. Na sha faɗa.

Malami ya karanta ya yi dariya. "Ranka shi daɗe Sarkin Ƙofa, wanga ai jarabawa ta. Ko ni ban ci ta."

Na ce masa shi ma hoton kaza ne a lambarsa, ya kiyaye ni.

Talata, 6 ga Agusta, 1:15 na rana

Baƙuwar lamba ta kira. Na ɗauka tun ƙarar farko. Mai neman wani Alhaji ne mai sayar da taki.

Alhamis, 8 ga Agusta, 8:00 na safe

Mako ɗaya.

Wata sabuwa ta shigo da bakwai da kwata. Layin Nijar, ba fuska, ba suna, ba sallama. Shigarta ke nan ta turo hoto. Wayata ba ta sauke hoto da kanta, na kashe wannan tun bara, don haka dishi-dishi kawai ake gani, wani abu baƙi-baƙi a kan wani abu ruwan ƙasa. Na san irinsu. Hoton mara lafiya ne, gobe a biyo da lambar asusu a ce a taimaka. Na goge wa kowa cikin minti ɗaya. Na rubuta: "Mai wannan lamba, ka gabatar da kanka da muryarka, ka faɗi wanda ya san ka a nan. Gargaɗi na ɗaya."

Shiru.

Na sake duba saƙon ranar ɗaya ga wata. Na ce ba zan ƙara dubawa ba. Ƙarfe 6:50, "Hanyar Shinkafi lafiya lau." Ni na rubuta shi. Wata lamba ce ta faɗa tun farko, wadda ta shigo kwana biyu kafin nan, ni kuma na maimaita da sunana don mutane su yarda. Lambar ta fita da kanta da tsakar ranar.

Juma'a, 9 ga Agusta, 3:20 na yamma

Bakwai da kwata daidai, hoton nan dai. Na goge. Gargaɗi na biyu.

Bayan masallaci na tsaya rumfar Malami. Na nuna masa.

"Hidda shi mana. Mi kaka jira?"

"Doka ta ce uku."

"Dokar wa? Ba kai ka rubuta ta ran Litinin ba?"

"Shi ya sa."

Ya ce mutanen bakin iyaka da yawa layin Nijar suke riƙewa, don namu ba ya kamawa can, amma mutum na gaskiya ko "salamu alaikum" ai ya aiko. Na ce abin da na gani ke nan. Sannan ya rage murya ya tambayi gida. Na ce muna nan.

Asabar, 10 ga Agusta, 9:10 na safe

Na uku. Bakwai da minti goma sha shida wannan karon. Na tsaya ina kallon mintin nan ɗaya da ya ƙaru, ina cewa na'ura ba ta makara. Sai na tuna sabis kan riƙe saƙo. Na goge.

Nadiya, matar Armiya'u, ta zo ta tsaya bakin ƙofa da goyo. Ba ta cikin zauren, ni na hana a sa ta, don kada ta riƙa jin abubuwan da ake faɗa.

"Yaya Malam, cikin mutanen nan naka ɗari bakwai ba wanda ya ga komai?"

"Da an gani da na ji."

"Kana duba duka?"

"Duka nake dubawa."

Ta gyara goyon ta tafi. Ina duba duka. Ban kwanta da saƙo ko ɗaya da ban karanta ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, 7:20 na safe

Ya turo. Na fitar da shi. Shida cikin shida.

Lahadi, 5:45 na yamma

Ruwa tun azahar. Gero ya kere mutum a tsaye a hanyar Kasuwar Daji, in ji direbobi. Ban san me ya sa nake jin kamar na bar murhu a kunne ba. Na zagaya gidan sau biyu, na duba akuya, na duba ƙofar baya. Laila ta ce in zauna ina sa mata jiri.

Talata, 13 ga Agusta, 7:40 na safe

Wata lambar Nijar ɗin daban, bakwai da kwata, hoto iri ɗaya, dishi-dishin ma iri ɗaya. To ga shaida. Gungu ne, an rufe musu ƙofa sun zagayo ta taga. Ban ba da gargaɗi ba. Na goge, na fitar, na soke linkin gaba ɗaya. Daga yau ba mai shiga sai wanda ɗan zaure ya kawo da hannunsa.

Mutane sun yi ta yabo. Wani direba ya ce Allah ya ƙara wa Malam Haliru ido. Na ji daɗi. Na rubuta nan don in tuna na ji daɗi.

Laraba, 14 ga Agusta, 7:30 na safe

Zaure tsaf. Ba tallafi, ba Baturiya. Na sami kaina ina kallon waya da bakwai da kwata.

Alhamis, 15 ga Agusta, 2:00 na rana

Mako biyu. Waɗanda aka tare rana ɗaya da shi, an kira gidajen mutum huɗu. Mu ba a kira ba. Liman ya ce rashin kira ba ya nufin komai. Yadda ya kalli ƙasa da ya faɗa na gani.

Inna ta daina tambaya bayan salla. Ta kan leƙo kawai, ta kalli wayar, ta koma.

Asabar, 17 ga Agusta, 11:00 na safe

Na fitar da mutum sittin da uku cikin mako biyu. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya a littafi. Ɗaya ta zama ta surukin wani mai shayi a Dauran, mutumin kirki, bai iya rubutu ba ne kawai. Na mayar da shi, na ba shi haƙuri. Ɗaya cikin sittin da uku. Ban sani ba ko wannan ƙoƙari ne ko akasinsa.

Litinin, 19 ga Agusta, 12:50 na rana

Zan rubuta yadda ya faru daki-daki, don in na tsaya ba zan iya ba.

Baba Maigari, shugaban 'yan kabu-kabu na tashar Shinkafi, ɗan zaurenmu, ya zo gaida Inna. Da zai tafi ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗan Malam, wagga aba ta cika. Ko hoton jikana ba ta ɗauka. Share min tarkacen."

Wayarsa irin WhatsApp ɗin nan na bayan fage ke ciki, wanda ke sauke komai kuma ba ya yarda a goge. Na sha yi masa faɗa a kai. Shi ko hoto ba ya kallo, idonsa ya yi rauni, murya kawai yake saurare. Na zauna a dakali ina sharewa. Furannin barka da Juma'a, wa'azi, tallan maganin basir, Baturiyar nan. Ina zaɓa ina sharewa, yana ba ni labarin tayar da ya saya ta fashe kwana uku.

Sai hoto ɗaya sau biyar a jere.

Tabarmar kaba. Gefen ƙwarya. Hannun hagu a shimfiɗe, tafin a ƙasa, an ware yatsun da gangan. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.

Baba Maigari ya ce, "Lahiya? Ka ga aljani?"

Na juya masa wayar, na manta ba ya gani. Na ce, "Baba, Cindo ne."

"Ina?"

"Tun ran takwas ga wata."

Ya cire hularsa ya riƙe.

Litinin, 2:30 na rana

Lambobin biyu suna littafina, shafi na huɗu, da jan biro. Na kira ta farko sau goma sha tara. Ta biyu sau goma sha ɗaya. Wata mata na amsawa da Faransanci, Malami ya ce cewa take ba a samun layin.

Malami ya rufe rumfarsa ya zo. Shi ya ce, "Tsaya. Kullum bakwai da kwata? To wurin da suke ba sabis. Akwai inda mai wayar ka bi da sahe, tudu ko dutsi, nan ne taka kamawa. Sai gobe."

Abin da na rubuta a matsayin alama ta biyar ke nan.

Litinin, 6:10 na yamma

Ban gaya wa Inna ba. Ban gaya wa Nadiya ba. Hoton na kwana goma sha ɗaya ne. Hannu ne kawai. Na ƙara girmansa har ya fashe, ina neman in gane ko akwai ƙarfi a yatsun.

Laila ta sani. Ta ajiye mini abinci, ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Talata, 20 ga Agusta, 9:00 na safe

Tun shida da rabi muna zaune a zauren gida, ni da Malami da Baba Maigari. Na fara kira bakwai saura. Faransanci. Bakwai da biyar. Faransanci. Bakwai da goma sha huɗu ta shiga.

Iska, da ƙarar ƙwarya na gogar juna. Muryar mace, Hausarta da nauyin Fulatanci.

"Wane ne?"

"Sunana Haliru. Hoton hannu da kika turo."

Na ji ta ajiye ƙwarya.

"Kai ne yayan nashi? Malamin?"

"Ni ne. Yana da rai?"

"Shina da rai. Ƙafa ta ɓaci. Malam, ina ka shiga? Kullum in na zo kan dutsen ga da nono sai in tura, sai abin ya ƙi. Na ce ko kun bar garin."

Baba Maigari ya karɓi wayar, ya yi mata Fulatancinsa na tasha, ya tambayi abin da ya kamata a tambaya.

Sunanta Zulai. Rugarsu na arewa da Zurmi, dab da iyaka. Mijinta Idi ne ya tsince shi a bakin rafi da asuba, bayan ya gudo daga hannun waɗanda suka ɗauke shi, da rauni a ƙafa. Ranar farko yana cikin hankalinsa. Ya ga linkin zauren a wayar Idi, cikin abubuwan da 'yan kasuwar shanu ke turawa. Ya ɗauki hoton hannunsa, ya nuna mata inda za ta danna sau biyu, tunda shi ba ya iya hawa dutsen. Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Ba mai karatun boko a rugar. Duk gargaɗina uku sun isa, ba wanda ya san me suka ce. Da layin farko ya ƙi turawa, ta gwada da ɗaya layin nasu.

Baba Maigari ya tambaye ta me ya hana ta yi magana da murya.

"Shi ya ce kar a faɗi suna, kar a faɗi wuri, yayanshi ya hana. Kuma Baba, muryata cikin mutanen gari ɗari bakwai? Ka san abin da za a ce."

Idi ya karɓa. Ya ce, "In na ɗoro shi kan jaki na shigo gari da shi haka, wa za ya yarda tsintar shi na yi? In kuma waɗancan sunka ji shina wurina, ba ni ba rugar."

An shirya inda za a haɗu. Ba zan rubuta shi ba ko a nan.

Talata, 10:30 na safe

Na gaya wa Inna. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Nadiya ta tambayi yadda aka yi aka sani, na ce hoto aka turo. Ta ce yaushe. Laila ta ce mata ta je ta haɗa masa kaya.

Alhamis, 22 ga Agusta, 4:00 na yamma

Asibiti. Mashin uku suka je jiya, Baba Maigari a gaba duk da idonsa, ya ce hanyar a ƙafarsa take. Ni aka ce in tsaya Zurmi in jira, ban iya tuƙi a laka ba. Zulai ta haɗo shi da gorar nono da wani ganye da ta riƙa ɗaura masa. Ban gan ta ba. Ba su iso bakin titi ba.

Na gane shi da hannun.

Likita ya fito da ni baranda. Ya tambayi kwana nawa raunin ya yi. Na faɗa. Ya ce da an kawo shi mako guda kafin yanzu, da wata magana ake yi. Ya ce za a yanke daga gwiwa zuwa ƙasa, gobe da safe, in sa hannu. Na sa. Biron littafin nan na yi amfani da shi.

Juma'a, 23 ga Agusta, 1:00 na rana

An yi.

Asabar, 24 ga Agusta, 5:00 na yamma

Nadiya ta zo da kayan da ta haɗa tun Talata. Tana fitarwa ta kai kan takalmansa na Juma'a. Ta tsaya. Ta mayar da su cikin leda ta tura ƙarƙashin gado.

Malami ya ce in bar masa zauren na ɗan lokaci. Na ce a'a. Ya ce, "Haliru, sittin da ukun nan, sittin ɓarayi ne. Da ba ka hidda su ba da wani ya shiga uku." Na ce na sani. Na sani kuwa. Na sake karanta alamomin shida a kan bencin asibiti, ina neman wadda ba daidai ba, in soke ta. Ban samu ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, 8:15 na safe

Ya farka sosai yau. Ya sha kunu. Ya tambayi mashin, na ce yana gida, Baba Maigari ya sa an wanke. Ya kalli bargon wurin da ya kwanta shafal, ya daɗe, sannan ya kalle ni.

"Yaya, ka ga hoton?"

"Na gani."

"Ban sa suna ba. Ban sa wuri ba. Yadda ka ce."

"Na ga haka."

"Matar nan ta yi ta tsoro, wai wa za ya kula da hoton hannu. Na ce mata ke dai tura. Yayana ba abin da ke wuce shi a zauren nan."

Ya ɗora hannun a kan nawa ya koma barci. Nadiya na zaune a ɗaya gefen gadon. Ta ga kwanan watan da ke kan hoton tun jiya, a wayar Baba Maigari. Ni take kallo.

In ya tashi zan gaya masa.